Ƙamshin Turarena a Jikin Faifai

Kai ko ke da ya buɗe littafin nan, a ji tsoron Allah a rufe. Habiba, da ke nake musamman, na san hannunki ba ya zama wuri ɗaya. Leƙen asirin uwa ba ya kawo albarka.

Juma'a, 10 ga Janairu, 2025

Raka'a ɗaya Uwais ya samu a masallaci yau. Saboda jifan faifan roba.

Tun da safe ya bi Baba Aruna, direban motar makarantarsu, mutumin Kumasi, zuwa filin shaƙatawar da suke wasansu. Manya da gemu suna jefa faifai cikin kwandon ƙarfe mai sarƙoƙi, wai disgolf. Mun baro Kaduna, mun matsu a ɗaki biyu a unguwar Mansura, nan ƙasar Larabawa, don yara su yi karatu, ga abin da muka samu.

Ya shigo yana haki, ya tsaya a ƙofar kicin ya hau ba ni labari. Wai daga nesa ya jefa, iska ta kwashe faifan ya daki gindin dabino, ya faɗo kan siminti, ya yi tsalle kamar kwaɗo, sai cikin kwandon. Jifa ɗaya tak. Wai wasu sun tsufa a wasan ba su taɓa samu ba. Shayin murnar da suka tsaya sha ne ya makarar da su.

Na ce, "Ranar lahira kwando za a tambaye ka ko salla?" Ya juya ya shige ɗaki. Gara haka.

Asabar, 11 ga Janairu

Ya rataye faifan a ƙusa a falo. A saman kantar da muke ajiye Alƙur'ani!

Na sauko da shi na duba. Ja ne, an cika bayansa da rubutun baƙar maka, alƙalamin nan mai kaurin baki. Habiba ta ce al'adarsu ce, duk wanda ya ga jifan da idonsa sai ya sa hannu, kuma ba a sake wasa da faifan, ajiyewa ake yi. Sunayen da ban san iyayen masu su ba. Wata ma har da zanen zuciya kusa da sunanta. Yaro ɗan shekara sha biyar! A tsakiya, da manyan baƙaƙe: "Na gani da idona. Aruna."

Alfahari daga ƙaramin abu yake farawa. Na gaya wa Malam, babansu, ya ce in bar yaro ya sarara. Shi kullum haka, ya dawo daga gadi a Lusail a gajiye, tarbiyya ta zama tawa ni kaɗai.

Litinin, 13 ga Janairu

Na goge faifan. Sabulu bai fitar ba, soson ƙarfe ma haka. Sai da na fesa turarena na Makka, na sa auduga, rubutun ya narke kamar kwalli. Ban karya ba, ban jefar ba. Na mayar masa a kan gadonsa tas da shi.

Ban yi laifi ba.

Talata, 14 ga Janairu

Jiya da ya dawo makaranta na ji shi ya shiga ɗaki. Na jira ihu, na shirya amsata. Babu. Da na leƙa, yana zaune bakin gado, ya kai faifan hancinsa. Bai tambayi kowa wa ya yi ba. Gidan nan wa bai san ƙamshin nan ba?

Yau duk abin da na ce, "To, Umma." Ci abinci. To, Umma. Kai shara. To, Umma. Biyayyar da nake nema ke nan, ko ba haka ba?

Alhamis, 16 ga Janairu

Malam yana ɗaura takalmi zai fita, ya ce, "Hajiya, ranar Juma'ar nan da yake ba ki labari, kin lura da wani abu?" Na ce na lura ya rasa raka'a. Ya ce, "Daga farko har ƙarshe bai yi i'ina ba. Ina falo ina ji, har na kasa haɗiye ruwa." Ya ja ƙofa.

Na zauna ina tunani. Yaron nan tun yana ɗan shekara huɗu harshensa ke sarƙewa. Mun yi rubutun sha, mun ga likita. Tun da muka zo ƙasar nan abin ya ƙaru, ga Turanci ga Larabci, 'yan ajinsu suna kwaikwayonsa. Ni kaina in ya fara "U-u-umma" nakan ƙarasa masa maganar, don aiki yana jirana. Taimako nake yi.

Gaskiya ne kuwa, ranar maganar zuba take kamar famfo. Ni ina juya miyar kuka, ina haɗa abin da zan gaya masa.

Ɗan fari ne. A gidanmu ba a yabon ɗan fari, ko sunansa ba na kira sai a takardar nan. Haka aka rene mu, kuma ba mu lalace ba.

Asabar, 18 ga Janairu

Jiya bai je filin ba. Ya riga babansa zuwa masallaci, sahun farko. Ya kamata in ji daɗi.

Lahadi, 19 ga Janairu

Na zari faifan na sa a jaka, na je unguwar Fereej Abdel Aziz inda direbobin ke zama, neman Baba Aruna. Ba haƙuri na je bayarwa ba. Na ce dai tunda dattijo ne, ya sake rubuta nasa, ban da na sauran.

Wani abokin ɗakinsa, Wahid, ya fito yana gyara hula. "Hajiya, Baba Aruna? Ai khalas, shi ke nan, ya tafi gida tun Laraba. Kwantiragi ya ƙare, ido kuma ya fara ba shi matsala, kafil, wato ubangidan da ya kawo shi aiki, bai sabunta ba." Ya ce Juma'ar da yaron ya yi jifan nan ita ce wasansa na ƙarshe, faifan ma nasa ne, da safen ya ba yaron kyauta. "Ke ce maman Uwais? Wallahi tsohon nan yana son ɗanki. Sai su zauna a mota yaron yana magana, ko zai kwana kan kalma ɗaya Baba ba ya katse shi. Ya ce mai jiran tuwo ya nuna ba ya ɗaga murfi."

Na ce Allah ya saka. A jirgin ƙasa na wuce tasharmu ban sani ba.

Laraba, 22 ga Janairu

Na sami Uwais yana guga. Na ce a kai wa sauran su sake sa hannu, na yarda, har mai zanen zuciyar. Ya daɗe bakinsa yana rawa. Na san abin da zai ce, kalmar tana kan harshena, na danne ta da haƙori. Wuya ce da ban san da ita ba.

"B-b-ba a yi s-sau biyu, Umma."

Shi ke nan. Amma ya fi "to".

Juma'a, 24 ga Janairu

Na ce ya shirya mu je filin, ina son in ga irin mutanen da yake bi. Haƙƙina ne. Na ɗauki darduma da fulas ɗin kunun gyaɗa, Habiba ma ta biyo mu.

Mai zanen zuciyar ashe tsohuwa ce 'yar Filifin, ma'aikaciyar jinya, kanta fari fat, ta girme ni. Ta riƙe hannuna biyu tana ta surutu, abin da na tsinta shi ne ɗana yana da natsuwa. Wani Ba'indiye ya ja ni har gindin dabinon ya nuna mini inda faifan ya daka, kamar mai nuna wurin tarihi. Suka tambayi Uwais ina faifan. Ya fito da jan nan daga jaka, fes, ba rubutu. Suka dubi juna. Ya ce musu ya goge ne kawai. Bai ce wa ya goge ba. Da ya faɗa ma da ya fi mini sauƙi.

Da shi ya yi wasa, tunda yanzu ba abin ajiyewa a jikinsa.

Har yanzu ina ganin ɓata lokaci ne. Sai dai ba sa ihu in mutum zai jefa, kowa ya yi tsit ya jira shi, ko ya daɗe. A kwando na bakwai ya jefa, faifan ya tafi kamar zai shige gabas, ya karkato a hankali, ya daki sarƙoƙin, cas! ya faɗo waje. Wai na miƙe tsaye na yi salati da ƙarfi har kunu ya zube a dardumar. Habiba ce ta faɗa. Ƙafata ce ta yi sanyi na miƙe.

Ƙarfe goma da rabi na tafa hannu na ce yalla, masallaci. Har Ba'indiyen ya tattara kayansa.

A hanya ya yi mini bayanin abin da ke sa faifai ya karkata hagu. Ya sarƙe a wurare. Na kalli taga na jira. Ban gane komai ba.

Asabar, 25 ga Janairu

Na tara su bayan magariba na kafa doka. An matsar da ƙusar zuwa ɗaya bangon, nesa da kantar Alƙur'ani, kuma abin da aka rataye a kanta ba mai taɓawa, ko waye shi. In mutum yana magana a gidan nan, ba mai ƙarasa masa. Malam ya dube ni, na ce da Habiba nake.

Na sayi baƙar maka a shagon da ke ƙasan benenmu, tana cikin jakata. Don rubuta suna a robobin yaji ne.

Doka ta ƙarshe: daga yau ba mai zuwa filin nan ranar Juma'a sai da ni. Ba a san ranar da abu zai faɗa kwando ba, kuma ni ba na sa hannu a kan abin da ban gani da idona ba.