Kwalayen Ɗakin Ƙuda

Zuwa ga Uwata,

Gaisuwa mai yawa ta riske ki inda kike, tare da addu'ar Allah Ya sa kwas ɗin nan ya ƙare lafiya. Bayan haka, ga labarin amanar da kika bar mini.

Kajinki ɗari biyu suna nan ƙalau, ina ba su tsutsa safe da yamma bisa awon da kika nuna. Sai dai ba zan ɓoye miki ba, hankalina bai kwanta ba. Shekara talatin da biyu na yi ina aikin duba-gari, ina bin ƙuda lungu-lungu. Yau ga ni da furfura ina yi masa hidima a cikin gidana. Kin ce wannan baƙin ƙudan ba ya sauka kan abinci, kuma tsutsarsa ce ke raba kajinki da abincin kanti. Kunnena ya ji, hancina bai ji ba. Saboda haka ranar Asabar na yi wa ɗakin ƙudan gyara irin na ma'aikatan da. Za ki ga bambanci.

Allah Ya yi miki albarka.
Mahaifinki

Baba,

Ina gaishe ka, sannu da ɗawainiya. Wane irin gyara? Kwalayen da na rataya a saman bokitin ɓawo, ina fata ba a taɓa su ba. A ramukan kwalin nan ƙudan ke saka ƙwai, shi kuwa kwanakinsa kaɗan ne a duniya. In babu kwali, babu tsutsar gobe. Mai duba gonaki zai zo ƙarshen wata, kuma in ya tarar kajin sun ci abincin kanti mai magani, takardar shaidar kiwo marar magani da na yi shekara uku ina nema ta tafi. Don Allah, Baba, wannan kaɗai za ka amsa mini.

'Yarka

Zuwa ga Uwata,

Wasiƙarki ta iso, na karanta ta fiye da sau ɗaya. Na gyara ƙofar akurki, na sauya wa kajin mazubin ruwa, na kuma ɗaure ragar da ta saki ta gabas. Ƙwai ya ɗan ja baya, amma kaza ma tana da ranakunta. Mai shagon abincin kaji ya tsayar da ni a hanya, mun yi magana mai tsawo wadda ban ji daɗinta ba. Game da tambayarki, akwai zancen da ya fi dacewa da baki da baki. Ki mai da hankali ga karatunki.

Mahaifinki

'Yata,

Ina gaisuwa. Tunda ubanki ya tsaya zagaye-zagaye, ni bari in faɗa miki: ya ƙone su. Ya tara kwalayen a tsakar gida ya cinna musu ashana, ya wanke bokitan da ruwan magani, ɗakin har ƙyalli yake. Na ce, "Malam, yarinyar nan fa ta ce kada a taɓa." Ya ce, "Ke za ki koya mini ƙazanta?"

To, tsutsa ta ƙare tun Laraba. Dusa da hatsi kawai kajin ke ci, har sun fara fige gashin juna. Shi kuwa ya kasa zama, ya shiga akurki ya fita kamar kazar da ke neman wurin ƙwai. Mai shago ya aiko da buhun abincin kanti, wai, "Duba-gari, wa zai sani? Kaza ba ta ba da shaida." Buhun yana nan a jingine bayan ƙofa. Jiya na gan shi tsaye a kansa da wuƙa a hannu, ya daɗe, sannan ya mai da wuƙar kicin.

Yau da safe ya yanka kwali ya nufi bayan kasuwa, inda masu kayan lambu ke zubar da ruɓaɓɓe, da farar rigarsa ta aiki. Wai ƙudan naki yake nema. Masu kayan lambu sun kewaye shi suna cewa, "Ranka ya daɗe, tara ka zo ci ko tsinta?" Kada ki ce masa na rubuto.

Innarki

Zuwa ga Uwata,

Bayan gaisuwa, ni na ƙone kwalayenki, kuma na ɓoye miki. Ina neman gafararki a kan duka biyun.

Buhun ya koma shago da ɗinkinsa. Kaza bakwai sun mutu. Yau a kwali na huɗu cikin waɗanda na ajiye a bayan kasuwa na ga ƙwan ƙuda, ɗan dunƙule mai ruwan ɗorawa, na kawo shi gida a tafin hannuna. Ko zai isa kafin ƙarshen wata, Allah ne masani.

Ki rubuto mini abin da zan yi, ɗaya bayan ɗaya. Ba zan taɓa komai ba sai amsarki ta zo.

Mahaifinki