Ƙofar da 'Yar Lungu Ta Ƙi Gogewa

Zuwa ga uwar 'ya'yana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, karatu kuma yana tafiya yadda ake so. Ya ciwon bayan nan, ya sake ki? Mu nan lafiya lau. Babban yaronki ya koyi wanki, sai dai fararen rigunana duk sun koma shuɗi-shuɗi. Auta tana gaishe ki.

Na bi sharaɗinki, ga wasiƙa maimakon waya, ko da yake ban yarda da dalilin ba. Kin ce a waya ba na barin ki ki kai ƙarshen magana. Ni a ganina taimako nake yi, in kaya ya yi wa mutum nauyi ai sai a kama masa. Ashe ɗalibai ma Malam Rediyo suke ce min a bayan idona. Ban ji haushi ba, rediyo abin amfani ne.

Kin san tsarin sashenmu na zanen gine-gine. Kowane malami ana ba shi 'yan ɗalibai ya zama uban ɗakinsu, ya duba karatunsu, ya ji damuwarsu, ya nuna musu hanyar aiki in sun gama. Nawa na bana duk sun haye, ban da guda ɗaya. 'Yar Lungu ake ce mata, don teburinta yana can kusurwar ɗakin zane, bayan kabad. Hannunta ya fi na kowa a ajin, amma kafin ka ji muryarta sai ka yi da gaske.

Ƙaramin asibitin haihuwa ta zana a matsayin aikinta na ƙarshe. Komai ya zauna daidai, sai wata siririyar hanya da ta ɓullo daga bayan ɗakin haihuwa, ta zagaya, ta fita ta wata 'yar ƙofa kusa da wurin ajiye motoci. Ranar kare aiki a gaban kwamitin malamai, shugaban sashe ya ɗora yatsa a kai ya tambayi amfaninta. Yarinya ta buɗe baki, ta rufe. Ganin tana neman nutsewa, na ce ƙofar gudun gobara ce. Shugaban ya ɗauki rula ya auna, ya ce ƙofar gobara ba ta yin wannan ƙanƙanta, wanda bai san haka ba kuwa bai isa a ba shi takarda ba. Suka kayar da ita.

Dama ɗaya ta rage mata. In ta sake faɗuwa za ta bar makarantar hannu rabbana, shekarun nan duk sun tafi a banza. Na ce ta goge ƙofar kowa ya huta. Na kuma yi mata magana da abokina mai kamfanin gine-gine, ya ce kujera tana jiran ta.

Ki kula da kanki, kada ki riƙa karatu da yunwa.

Naki,
Mijinki.

*

Uwar 'ya'yana,

Gaisuwa da fatan alheri. Wasiƙarki ta iso, na yi murna da jin bayan ya yi sauƙi. Ya abokan karatu? Haƙorin Auta ya faɗi, ta ce a ajiye miki ki gani.

'Yar Lungu ba ta goge ƙofar ba. Ta gyara duk abin da na ce ta gyara, har da wanda ban ce ba, amma ƙofar tana nan daram. Na yi mata bayani tun daga dokokin gini har zuwa halin shugaban sashe. Ta saurara da ladabi, ta naɗe takardunta, ta yi godiya. Washegari na leƙa teburinta, ƙofa tana nan.

Na karanta shawararki sau biyu. Kin ce ku ungozomomi ba kwa jawo jariri, jira kuke yi, kuma ban taɓa tambayar yarinyar dalilinta na tsaya na ji amsa ba. Na so in musa, sai na ga takarda ba ta sauraron musu. Ina jin abin da ya sa kika zaɓe ta ke nan.

To, na gwada. Na kira ta ofis, na tambaye ta amfanin ƙofar, na sa murfin biro a baki don kada ya kuɓuce min. Muka zauna, fanka tana juyawa, ita tana kallon gefen teburi. Ban san shiru yana da tsawo haka ba. Can ta ɗago ta fara wata magana a kan yayarta. Ni kuwa don in sauƙaƙa mata, na cire murfin na tambaya ko yayar ma zanen gini ta karanta, ko ita ta ba ta shawarar. Ta ce a'a, ta koma kallon teburi. Daga nan ban ƙara samun komai ba.

Kada ki ce hali zanen dutse, na riga na faɗa wa kaina. Mako mai zuwa za ta sake tsayawa gaban kwamiti, kuma gaskiya ina jin tsoro.

Yara suna gaishe ki.

Mijinki.

*

Uwar 'ya'yana,

Ina gaishe ki, ina fata jarrabawarku ta zo da sauƙi. Mu nan sai godiya.

An yi zaman. Ni aka ba kujerar baya, kamar yadda ake ba kowane uban ɗaki, da izinin yin ƙarin bayani in ɗalibi ya maƙale. Shugaban sashe bai ɓata lokaci ba, ya ɗora yatsa a wuri ɗaya da na wancan karon. Ta yi shiru. Wani malami ya duba agogo, wani ya juyo yana kallo na, alamar in cece ta. Amsa uku na tanada, dukansu masu kyau. Na cije murfin biron nan har ya tsage.

Sai ta yi magana, a hankali, idonta a kan zanen. Ta ce yayarta ta haihu a wani asibiti, jaririn bai zo da rai ba. Da aka sallame ta, hanyar fita ɗaya ce: ta tsakiyar ɗakin masu jego, ta gaban 'yan barka, ta wuce mazan da ke jiran albishir a bakin ƙofa. Ita ce ta riƙo mata jakar kayan jariri. Wata mata da ba ta sani ba har ta tare su tana tambayar mace ce ko namiji. Ta ce wannan ƙofar ta irin yayarta ce, don su fita su shiga mota ba wanda ya tambaye su komai.

Shugaban ya sake ɗaukar rula ya auna, ya ce har yanzu ta yi ƙanƙanta, a faɗaɗa ta yadda mutum biyu za su jera, don mace a wannan hali ba ta fita ita kaɗai. Ta ci, da matsakaicin maki. Ƙofar gobara kuma ashe tana can gefen gabas tun farko, ni ne ban duba ba.

Bayan an tashi ta zo ofis. Ta ce ta gode da maganar abokina, amma ba ta son zana manyan shaguna, sashen gine-ginen asibitoci take so ta nema, ko da aikin ba shi da maiƙo. Ina da abin cewa da yawa. Na ce ta kawo takardunta in sa mata hannu. Abokina ya yi mita, zai huce.

Yanzu ga tambaya. Shekara da shekaru ina sauke ki a bakin asibitinku, ina ɗauko ki, ina ba ki labarin aikina har gida. Ku ta wace ƙofa kuke fitar da su?

Ki amsa a lokacin da kika ga dama, ina jira.

Naki har kullum,
Malam Rediyo.