Taraktar Yaya Sani a bayan motata

Laraba, bayan isha'i

Da yamma muka ɗora taraktar Yaya Sani a ƙaramar tirela, muka ɗaura a bayan a-kori-kurata za mu kai gona. Tun kafin mu tashi na ga bayan motar ya zauna. Tarakta da garmarta, ga tayoyinta da aka cika da ruwa don ƙarin nauyi, sun fi ƙarfin motar. Na ce, "Yaya, mu nemo babbar mota." A gaban abokansa ya ce, "Kai dai ja mu je." Wa zai musa wa wansa cikin mutane? Na ja.

Dab da Ƙofar Kuyambana na taka birki, tirelar ta ci gaba da tura mu. Sai da muka gogi teburin wata mai ƙosai muka tsaya. Ko ihu ba ta yi ba, kallona kawai take. Ƙugiyar tirelar ta lanƙwashe.

Yaya ya ce Allah ya tsare, a yi walda, da asuba mu ƙarasa. Ni kuwa idon matar nan nake ta gani. Makullin motar yana aljihuna. Gobe ba zan ja tirelar nan ba, sai dai ya ce na raina shi.