Kwana tara suka hana ni biza

Anti Efua, ki taimake ni da shawara, na rasa wanda zan faɗa wa.

Ni ungozoma ce a Kumasi, shekara goma sha huɗu ina karɓar haihuwa. Wani asibiti a Turai ya ɗauke ni aiki, da sharaɗin in ci jarrabawar Turanci. Ni da tun a firamare ake zane ni in na yi yarenmu na Twi a aji. Sau biyu ina faɗuwa da rabin maki, a na uku na ci. Kafin sauran takarduna su kammala, sakamakon ya wuce wa'adinsa da kwana tara, suka hana ni biza. Wai Turancin bakina ya lalace kamar miyar jiya.

Ga shi na riga na ajiye aikina. Mahaifiyata ta miƙe a coci ta yi godiya a gaban kowa, yanzu ko cocin ba na zuwa. Adwoa, wadda ni na koya mata yanke cibiya, tana can Turai tana turo mini hotuna, ina share su. Dillalin da ya cike mini takardu ya ce in ɗaukaka ƙara, mijina Kwaku ya ce in haƙura. Sati guda ke nan ba ma magana.

Mai takaici, Kumasi

Ƙanwata, haushinki yana da dalili, kuma ba zan ce miki tsarin nan adalci ne ba. Amma ɗaukaka ƙara kuskuren masu ba da biza yake gyarawa, ba na dillalinki ba. Ɗauko takardar da suka aiko, ki duba ranakun da idonki. In su suka yi kuskuren lissafi, ki nemi lauya mai rajista kafin wa'adin ɗaukaka ƙarar ya cika. In da gaske sakamakon ya wuce wa'adinsa, kada ki ɓata watanni. Sake rubuta jarrabawar, kin taɓa cinta. Dillalin da ya kasa ƙirga kwana tara kuwa, ki sallame shi.

Kwaku tsoro yake ji kada ki sake karyewa, ki yi masa magana. Ranar Litinin ki je wurin shugabarki ta da, ki nemi aikinki. Za ki ji kunya na minti goma. Matan da ke naƙuda a Kumasi ba za su tambaye ki maki ba.

Allah ya sanyaya miki zuciya.

Anti Efua