Ciyawarki Tana Shanye a Barandata

Ya ke Ozella, sanyin idona, iskar teku mai kashe zafin Charleston, farar balbelar fadamata! Lucius ne, mai keken doki, ke gaishe ki gaisuwar wanda ya fara kewa tun ba a rabu ba.

Kin san ƙuri'a ce ke zaɓa mana hanyar da za mu zaga gari da baƙi 'yan yawon buɗe ido. Sauran matuƙa ko a jikinsu. Ni kuwa sai in yi ta roƙon Allah ya ba ni hanyar cocin nan mai farar hasumiya, inda kike zama jikin katanga kina ɗinkin kwando da faifai. Da na hango ki, shi ke nan, tarihin garin da na haddace don baƙi ya watse! Tsofaffin gidaje, ƙofofin ƙarfe, igwar bakin ruwa, wa yake ta tasu? Baƙi na ta ɗaukar hoton hasumiya, ni idona na kan yatsunki. Har alfadarina mai jan keken ya gane, da kansa yake rage tafiya a gabanki, ja'irin.

Kin tuna ranar da kika ce tun rasuwar mai gidanki ba ki da mai shiga miki fadama ya samo ciyawa mai ƙamshi ta ɗinkin kwando? Na kwashi lauje na tafi da rawar jiki, na dawo da dami niƙi-niƙi ina jiran yabo. Kika yi dariya har da riƙe ciki. "Haba Lucius, bawan Allah! Wannan ai abincin alfadarinka ka kawo. Ba a sa mata lauje, zare ta ake yi da hannu, a bar saiwa ta sake tofowa." Kunya ta rufe ni, amma wallahi da zan sake jin dariyar nan, sai in sake yankowa.

Yanzu kuma na ji 'yarki Verdell za ta ɗauke ki zuwa Atlanta ƙarshen wata, wai sana'a ba ciyawa wahalar banza ce. Wayyo ni! Ina fadama a Atlanta? Wa zai zauna jikin katangar nan? Me zan riƙa roƙo in ana kaɗa ƙuri'a? Tsoro nake ji, Ozella, ba zan ɓoye miki ba. Mun manyanta, ni da ke, ba ni da sauran shekarun da zan ɓata wajen jan aji.

Na koma fadama. Sauro ya yi biki a wuyana, taɓo ya cinye takalmina ɗaya, tafin hannuna duk ya tsattsage. Amma na zare ciyawar sili-sili yadda kika ce, ko saiwa ɗaya ban taɓa ba. Ga ta nan tana shanye a barandata, gidan duk ya ɗauki ƙamshin hannunki.

Ki zo ki duba kafin ki ba Verdell amsa. In na yi daidai, ki aure ni. In kuma na sake ɓatawa, ki zauna ki koya mini.

Naki muddin fadama na tofo,
Lucius