Kafin a Fara Jarrabawar Baki

Kampala, 3 ga Maris

Yaya Phebe,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Yaya Mama da ciwon ƙafarta? Yaya mutanen Lamisula? Ni lafiya lau nake, aikin kantin magani yana tafiya.

Yaya, akwai magana. Makarantar likitancin da nake nema ta sanar cewa daga baɗi za ta sauya jarrabawar shiga. Ban da rubutu, sai mutum ya zauna gaban malamai ya yi wa majinyaci bayanin ciwonsa cikin minti bakwai. Kin san i'inata. In na tsorata, ko sunana ba na iya faɗa.

Ke nan jarrabawar watan Mayu ce ta ƙarshe da biro kaɗai zai yi mini magana. Ranar ashirin ga wata za a rufe rajista, kuma asalin takardar sakamakona ta sakandare suke so, ba hoto ba. Tana cikin akwatin ƙarfen Baba, wanda ambaliya ta shiga. Don Allah ki buɗe shi yau. In ta tsira, ki aiko da gaggawa. In ta lalace, kada ki lallashe ni, ki faɗa mini kawai.

Kada Mama ta ji, domin ta riga ta gaya wa matan zumunta a coci cewa na warke daga i'inar. Kin sha yi mini faɗa ba na ɗaukar waya, sai dai rubutu. Ba raini ba ne, Yaya. Tun da na zo ƙasar nan abin ya ƙaru.

Allah ya tsare mini ku.

Ƙaninki,
Elnathan