Shafin da Yatsanka Ya Tsaya, Hamma

Zuwa ga Hamma Iro,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ƙani ga wansa, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji a makwancinka. Na san takarda ba ta isa inda kake, amma maganar ta ƙi zama a cikina, shi ya sa zan ajiye ta a nan kowa ya gani. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san a aji huɗu na tsaya, sauran a waya na tsinta.

Hamma, littafinmu an mai da shi fim. Wannan dai na Sambo makiyayi da ya shiga ƙasar aljanu neman shanunsa, ƙaninsa Buba gurgu yana biye da shi. Wanda kake karanta min a gindin tsamiya bayan duwatsun Roni, shanu suna kiwo, ni ina miƙe da ƙafata da shan-inna ta shanye.

Yanzu ina da rumfar cajin waya a bakin tasha, ni nake tura wa mutane fim ɗin, don haka duk gardamar a kaina take sauka. Takobin Sambo ya faɗa rijiya, can kuma sai ga shi a hannunsa. Ɗanliti mai babur ya ce ai aljanu ne suka tsamo masa, aka ce to me ya hana su tsamo masa takalminsa da ya faɗa tare da takobin. Ni kuwa wata saniya na lura da ita: fara ta shiga kogo, ja ta fito, har ƙahonta ya miƙe.

Waƙoƙin ma sun raba rumfar biyu. Dodo yana bin mutum a guje, sai mutumin ya tsaya rawa da budurwa, dodon kuma ya jira a gama. Samari sun ce waƙar ce ma fim ɗin. Ni sarewa ɗaya ce ta taɓa ni, ko da yake mai riƙe da ita ko yatsu bai iya ɗorawa ba. Da ka gani da ka yi dariyar nan taka har da dukan cinya.

Duk wannan ina ji ina murmushi, ka san ni ba na gaggawar magana. Sai aka zo wurin tsallake kogin wuta. A fim, Sambo ya ajiye Buba a gaɓa ya ce ba zai iya da shi ba, ya wuce, ba a sake ganin yaron ba. Nan na miƙe. Na ce ƙarya suke yi, a littafi goya shi ya yi har ƙarshe. Malam Sani na firamare ya ce, "Kai Bello, karantawa ka yi ko labari aka ba ka?" Na rantse da Allah a gaban jama'a. Na ja ƙafata har gida, na buɗe akwatinka da ban taɓa ba tun rasuwarka, na kawo littafin na miƙa masa da hannuna.

Ya karanta kowa yana ji. An bar Buba a gaɓa, Hamma. Na karɓa na bi layin harafi harafi, sau biyu. Haka yake. Ɗanliti ya ce, "Shehin malami, naka a wace ƙasa aka buga shi?" Aka yi ta dariya, na taya su. Amma kwana biyu na yi ina tambayar kaina: in ka iya yi min haka ina kallon bakinka, sauran abin da ka faɗa min fa?

Sai na tuna. Kullum in kana karatu yatsanka yana bin layi. Ranar, da ka zo shafin nan, ka kalli ƙafata, ka ce bari ka kora karsana daga gonar mutane. Da ka dawo, bakinka yana tafiya, yatsanka yana tsaye wuri guda. Na gani tun a lokacin, ban gane ba sai yanzu.

Ashe aikin da ka ɗora wa kanka ke nan, rabin littafi kana ɗauke da mutumin da marubuci ya yar. Shi ya sa duk sanda na tambaya ina Buba, sai ka ce, "Yana bayan wansa, barci yake." Na sha mamakin yaron nan, ana yaƙi da dodanni yana minshari.

Na kuma tuna damina nawa ka goya ni ka tsallake rafin nan namu, ruwa har ƙugunka, kana cewa, "Riƙe wuya, amma kada ka shaƙe ni." Daga nan na daina tambayar kaina.

Na je wurin liman kan rantsuwata. Ya ce tunda a kan abin da na sani na rantse, babu kaffara. Kai kuwa ban kai ƙararka ba.

'Yarka Ummi ta girma, Hamma, goshinka ta ɗauko. Ta ga littafin ta ce, "Baffa, na babana ne? Karanta min." Muna yi kullum bayan la'asar, a hankali, don karatun nawa ma ɗingishi yake. Saura shafi uku mu isa kogi. Na yi ta tunani, kuma na gama shawara: in mun zo wurin, yatsana zai tsaya.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya yafe maka ƙaryar nan guda ɗaya. Ranar tsallake siraɗi, Allah ya ɗauke ka yadda ka ɗauke ni.

Naka, wanda ka goya,
Bello